Masu buɗe magudana da muka kira a Jidda: kyamararsu ta ci kuɗinta, busarwarsu kuwa sai a hankali

Idan masai ya dawo muku cikin gida, ku nemi kamfani mai zuwa da kyamara da injin feshin ruwa, amma kada ku sayi abin da suke haɗawa da shi na wai tsaftacewa da busarwa. Wannan shi ne hukuncina a dunƙule. Ba zan kama sunan wanda muka kira ba, irinsu sun cika Jidda, lambobinsu na manne a ƙofar kowace imara, wato benen haya mai gidaje da yawa.

Muna zaune ne a shakka, wato gidan haya, a hawan ƙasa na wata tsohuwar imara, inda muka komo bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulel. Layinmu bai samu babban bututun gari ba tukuna, bayyara muke amfani da ita, wato ramin nan na gaban gida da duk ruwan banɗaki da na kicin ke gangarawa ciki. Ga Jidda a bakin teku take, ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, rami ba ya tsotsewa yadda ya kamata. Shi ya sa duk lokacin da magudana ta fara gurnani, abin da kowa ke cewa ɗaya ne: bayyara ta cika, a kira wayit, wato motar zuƙe rami. Mai imararmu ma haka yake yi. Motar ta zo ta zuƙe, a samu sauƙi na ɗan lokaci, wari ya sake tasowa.

Ranar da abin ya ƙwace, ta ramin tsakiyar banɗaki ruwan ƙazanta ya ɓullo, baƙi wuluk, ya tsallake dokin ƙofa ya bi ƙarƙashin kafet har falo. Duk wanda ya ja ruwa a sama, mu yake aiko wa. Maigidana ya fara kashe wuta daga babban makunni kafin kowa ya taka ruwan, haris, wato maigadi, kuma ya hau bene yana buga ƙofofi a daina amfani da ruwa. Yara muka tura maƙwabta.

Tallar kamfanin ta ce dare da rana suna aiki. Mun kira bayan isha'i, sai da rana ta ɗaga suka iso. Wannan na riƙe musu.

Amma da suka iso sun nuna sun san aikinsu. Babbansu ɗan Sudan ne, mutumin Mai Wurno, yana jin muna magana da maigidana sai ya juye zuwa Hausa, abin ya zo da sauƙi. Bai ko tambayi wayit ba. Ya ɗaga murfin bayyara ya haska daga sama, ya ce, "Hajiya, ramin nan ko rabi bai kai ba. Ba a nan cutar take ba." Sai ya buɗe ƙaramin akwatin duba bututu da ke bakin ƙofar imara ya zura kyamara, ƙaramar aba mai fitila a kan doguwar waya, ya kira mu mu kalli allon. Da farko bututu ne kawai mai ɗan datti. Can sai hanya ta fara tsukewa, gefe da gefe wani farin abu ya daskare kamar curin man kaɗanya, a tsakiya ga tsumman goge jarirai sun nannaɗe da gashi sun toshe ɗan abin da ya rage. Maiƙon girkin gidaje ne na shekara da shekaru. Da ɗuminsa yake shiga, ya huce a hanya ya kama bango, tsumman nan kuwa ba sa narkewa a ruwa ko da an rubuta a ledarsu cewa ana iya jefawa a masai.

Kun ga ke nan duk kuɗin wayit da aka yi ta biya, ramin da bai cika ba ake zuƙewa. Ɗan jan da motar ke yi ne ke buɗe ƙaramar kafa, mu ɗauka an gyara.

Injin feshinsu ya burge ni. Bakin tiyon yana harba ruwa ta baya, shi ke tura shi gaba yana kankare bango, ɓaraguzan na fitowa suna kwashewa da raga don kada su wuce rami. Da suka gama ya sake zura kyamara ya nuna mana, ba mu roƙa ba. Na kuma lura ko sau ɗaya bai bar yaronsa ya zura kai cikin bayyara ba. Iskar ciki tana kashe mutum cikin ɗan lokaci, kuma idan ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi.

Shi ya ba mu shawarar sa raddad, wani ɗan marfi a cikin bututu da ke barin ruwa ya fita amma ya rufe idan zai dawo. A nan na tabbatar ba ɗan koyo ba ne, don ya dage sai an sa shi a reshen shakkarmu kaɗai. Ya ce, "Alhaji, in na sa shi a babban bututu, ranar da ya rufe, ƙazantar mutanen sama ba ta da wurin zuwa sai banɗakinku." Ya kuma gargaɗe mu cewa idan marfin ya rufe, namu ruwan ma ba zai fita ba, sai a dakata da wanka da wanki, kuma a riƙa buɗewa ana share shi lokaci lokaci. Wanda ya ga ruwan 24 ga Nuwamba 2022, da aka auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i kaɗan, balle wanda ya ga ambaliyar Nuwamba 2009 da ta ci rayuka fiye da 120, ba sai an lallashe shi kan raddad ba. In ruwan titi ya cika rami, gidan ƙasa yake nema.

Sai ɓangaren da ya ɓata min rai. Wasu daban suka turo da yamma, da injin zuƙar ruwa da fanka guda. Suka zuƙe, suka fesa wani abu mai ƙamshin lemo, suka ce kafet zai wanku. Ban yarda ba. Kafet da katifa da matashin da suka sha ruwan masai ba su da magani sai bola, soson ciki ba ya tsarkaka, balle a ce za a yi salla a kai. Ba su ja kabad daga bango ba, ba su duba gindin bango ba. Fumfuna kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama wuri mai danshi, ga iskar Jidda da kanta jiƙaƙƙiya ce, buɗe taga ba ya busar da komai. Da muka ja kabad ɗin da kanmu, ƙasansa ya kumbura, fenti ya yi bororo, baƙaƙen ɗigo sun fara fitowa.

Ni da 'yata muka sake wanke tayil da sabulu, sannan da Clorox da aka sirka da ruwa, da safar hannu da takalman roba. Don Allah kada kowa ya haɗa Clorox da Flash, ruwan wanke masai, wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin da ke tashi guba ne. Maigidana ya yi hayar injin janye danshi, muka rufe tagogi muka bar shi da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, suna aiki. Bokitin injin kullum sai an zubar, daga ɗakin da masu fanka suka ce ya bushe.

Batun kuɗi kuma, farashin da suka faɗa a waya bai haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 ba, sai a fatura, wato takardar biyan kuɗi, muka gan shi. Garantin wata uku da baki aka ba mu, sai da maigidana ya tsaya kai da fata kafin suka rubuta. Ku nemi su tura muku bidiyon kyamarar ta WhatsApp. Da shi muka tunkari mai imara, ya ga toshewar a bututun kowa da kowa take, ya cire kuɗin feshi da na raddad daga haya. Na kafet da kabad ya ce babu ruwansa, har yanzu ana kan magana.