LocalSend a shagon buga takardu: abin da na gani da idona

Duk mai shagon buga takardu da fotokopi a Damagaram ya san rabin wahalar aikin tana wurin fito da takarda daga wayar mai ita zuwa kwamfuta. Ɗalibin Jami'ar André Salifou zai zo da memuwarsa, wato kundin kammala karatunsa, a waya, mai ɗaukar hoton biki ya zo da hotuna fal, malamin lakwal kuma ya miƙo maka kile, wato ma'ajiyar USB. WhatsApp na cin forfe, kuma yana matse hoto har ya dusashe in ba a tura shi a matsayin takarda ba, ga shi ran da rezo ya yi nauyi sai a zauna ana kallon juna. Kebul kuwa kowace waya da irin bakinta. Kile shi ne mafi sharri: ya shiga kwamfutoci goma kafin ya iso taka, kana buɗe shi ka tarar duk jakunkunan sun ɓace, sai gajerun hanyoyi na bogi da ƙwayar cuta ta bari.

Wani ƙanena da ke gyaran waya wajen Kasuwar Dole ne ya sa mini LocalSend, kuma tun daga lokacin da ita nake aiki kullum. Manhaja ce ta tura fayil tsakanin na'urorin da ke kan Wi-Fi guda, ba ruwanta da intanet. Wani mai rubuta manhaja a Jamus, Tien Do Nam, shi ya fito da ita a ƙarshen 2022, ya kuma baje lambobin da aka gina ta da su a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, yanzu ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya ba kowa damar dubawa, gyarawa da rabawa. Tana aiki a Android, iPhone, Windows, Mac da Linux, kuma wannan ne babban abin da ya ja ni. AirDrop dai Apple ya yi shi don kayansa. Quick Share, wanda Google da Samsung suka haɗe a 2024, yana da kyau tsakanin wayoyin Android, amma shago ba ya zaɓen wayar da za ta shigo masa.

Ga yadda aikin yake. Ka buɗe ta a waya, ka buɗe ta a kwamfuta, kowace na'ura ta fito da wani suna na ban dariya da manhajar ta laƙa mata, yawanci sunan kayan marmari da Turanci. Na canza na kwamfutata zuwa sunan shago don kada a riƙa tambaya. Mai turawa ya zaɓi fayil ko jaka sukutum, ya taɓa sunan, ni kuma tambaya ta bayyana a gabana ko na karɓa. Shi ke nan. Babu rajista, babu neman lambar waya ko imel, babu talla ko ɗaya. Wanda ya saba da manhajojin turawa da ke cika allo da bidiyon da ba ka nema ba, wani lokaci ma irin wanda ba ka son ya fito gaban dattijo, zai ji daɗin wannan shirun. Fayil yana zuwa yadda yake, ba a rage masa komai ba, kuma a ɓoye yake tafiya tsakanin na'urorin biyu ta HTTPS. Mai hoton biki da ke kawo mini aiki ya fi kowa murna, don jakar da a da muke kwashewa kaɗan-kaɗan yanzu tana wucewa kafin a sauke shayi na farko.

Sauri ya danganta da Wi-Fi ɗin, ba da manhajar ba. In wayar da ta buɗe hotspot tana da zangon 5 GHz, a sa ta a kai, ya fi 2.4 GHz gudu nesa ba kusa ba muddin na'urorin suna ɗaki guda. Sai wani gargaɗi da ba kowa ke yi ba: in da hotspot na waya kake aiki, kashe data tukuna. LocalSend ba ta taɓa mega ko ɗaya, amma kwamfuta da zarar ta ji ƙanshin intanet sai ta kama sabunta kanta a ɓoye, ka waiwaya ka ga forfe na mako ya tafi. Ni tsohuwar ruta, akwatin raba Wi-Fi, na samu, wadda babu layi a cikinta, na liƙa ta a bango kan batirin sola. Ko an ɗauke wuta tana nan tana aiki.

Inda take da rauni kuma ba zan ɓoye ba. Ba ta haɗa na'urori da kanta. Dole kai ne za ka sa su kan Wi-Fi guda kafin su ga juna, alhali mutanenmu sun saba da manhajar da ke buɗe hotspot da kanta, a ɗauki hoton lamba a wuce. Ga wanda ya san waya wannan ba komai ba ne, amma ga hajiyar da ta zo buga katin sunan jikanta, sai ka karɓi wayar ka yi mata da hannunka. A Windows kuma akwai katangar tsaro: manhajar tana amfani da ƙofa mai lamba 53317, in ba a ba ta izini ba, ko an sa rezon a matsayin na jama'a maimakon na gida, waya ba za ta ga kwamfuta ba ko za a kwana ana jira. Wasu rutoci ma suna hana na'urorin da ke kansu ganin juna sai an cire wannan saitin. Masu tsofaffin kwamfutoci na Windows 7, waɗanda har yanzu suna da yawa a garin nan, su nemi sigar 1.15.4, ita ce ta ƙarshe da ke tashi a kansa. Waya kuwa daga Android 5 zuwa sama duk ta ɗauka.

Babbar matsalar dai mutane ce. Wanda ya zo buga shafi biyu na dala goma ba ya son a sa masa sabuwar manhaja. Akwai dabarar rabawa ta mahaɗi, inda kwamfutata ke ba da wani adireshi, mutum ya buɗe shi a burauzarsa ya sauke abin da na ajiye masa ba tare da ya girka komai ba. Da ita nake mayar wa mutane aikinsu, da ita kuma nake ba su manhajar kanta. To amma Android sai ya yi gargaɗi cewa abin ba daga Play Store ya fito ba, nan take fuska ta canza. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Yaro, wane ne ya yi wannan abu ya bayar kyauta, me yake ci a ciki? Banza ba ta kai zomo kasuwa." Na ce, "Baba, gaskiyarku, amma wannan kam gudummawa ake ba mai ita in an ga dama." Bai gamsu ba, ya ce a kawo kebul. Ɗalibai ne suka fi karɓa, musamman masu dawowa sau da yawa lokacin gyaran memuwar.

Tambayar dattijon ita muke ta ja a fadarmu da dare, inda akwai masu son kayan fasaha har da wanda ba ya taɓa komai sai Linux. Shi a wurinsa magana ta ƙare: tun da Richard Stallman ya kafa GNU, shirin manhajojin da kowa ke iya dubawa da gyarawa, a 1983, manhajar da ba ka iya duba cikinta ba taka ba ce, haya kake yi. Wani kuma ya ce masa, mu nawa ne a Zangon nan kaf muke iya karanta lambobin? Ni ina tsakiya, kuma na fi karkata ga na farkon ko da yake ban iya karanta layi ɗaya ba. Dalilina shi ne wasu suna karantawa a madadina. F-Droid, shagon manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da ke nan tun 2010, daga lambobin da aka baje yake gina abin da yake rabawa, kuma LocalSend tana ciki. Sannan in mai manhaja ya gaji, aikin ba ya mutuwa da shi. An gani a Syncthing, wata manhajar daidaita fayiloli tsakanin na'urori: masu ita sun daina fitar da sigar Android a ƙarshen 2024, wasu suka ɗauki lambobin suka ci gaba.

Inda ban bi su ba shi ne zancen kowa ya kafa rumbun ajiyarsa a gida. Mutumin Linux ɗin yana ta matsa mini in sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi in ɗora manhajar ajiya ta Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya fara a 2016 bayan ya bar ownCloud, wai in daina dogara da Google Drive. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma na'urar da za ta kwana a kunne cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu, wuta na zuwa tana tafiya, katin ajiyarta na iya lalacewa duk ran da ta mutu ba shiri, wa zai riƙa kula da ita? Shi yana da lokacin wannan, ni ina da layin mutane a bakin ƙofa. LocalSend ba ma'ajiya ba ce, ba ta kai saƙo Mirriya ko Magarya, aikinta ɗaki guda ne, kuma shi nake bukata.

Kada kuma wani ya ɗauka tana kashe ƙwayar cuta. Abin da aka turo shi take kawowa, mai kyau ko mugu. Ta dai raba ni da soka kilen kowa a kwamfuta, kuma tun da na rage haka ban sake ganin jakunkunan bogin nan ba. Akwai wani saiti na karɓa kai tsaye ba tare da tambaya ba. A gida tsakanin wayarka da kwamfutarka yana da daɗi, amma a shago a bar shi a kashe, a kuma sa lambar sirri, don duk yaron da ya samu kalmar Wi-Fi ɗinka yana iya cika maka kwamfuta da abin da ya ga dama.