f2c ko f2py? Amsa kan tsohon kod ɗin Fortran

Salam 'yan uwa. Malam na ga tambayarka tun daren jiya, wuta ce ba mu da ita sai yanzu na samu caji. Ga waɗanda abin ya wuce su, cewa ya yi sufabaizansa ya danƙa masa wani tsohon firogiram na lissafin gudun ruwa a kogi da aka rubuta da Fortran 77, shi kuma Python ya iya sai ɗan C kaɗan, wani ya ce masa ya sa f2c wani ya ce a'a f2py, shi ne yake tambaya wanne ya fi ko ma duk abu ɗaya ne.

Toh kama da wane ba wane ba ne, sunan ne kawai ya yi kama. f2c fassara yake yi, ka ba shi fayil ɗin Fortran ya miƙo maka fayil ɗin C. Shi kuwa f2py ko layi ɗaya baya fassarawa, yana barin Fortran ɗin yadda yake ne ya sa gfortran, kwamfailar Fortran mai mai da kod ya zama firogiram, ya harhaɗa shi, sannan ya fasa masa ƙofa ta ɓangaren Python yadda za ka riƙa shiga kana kiran SUBROUTINE ɗin, wato yankin kod da ake kira da sunansa, kamar da Python aka rubuta shi.

Bari in fara da f2c tunda shi ne dattijon. Daga Bell Labs na Amurka ya fito a 1990, cikin waɗanda suka rubuta shi har da Stuart Feldman, mutumin da ya ƙirƙiro make ɗin nan da muke bugawa kullum wajen harhaɗa firogiram. Aiki da shi ba wuya, a tamina za ka buga

f2c ruwa.f
gcc ruwa.c -lf2c -lm -o ruwa

shikenan firogiram ya tashi. Kuma gaskiya ba ya ha'inci, lissafin da tsohon kod ɗin yake yi shi zai maimaita maka, da shi ma aka fassara LAPACK, babban laburaren lissafi na Fortran, gaba ɗaya aka samu CLAPACK, ka ga ba abin wasan yara ba ne. Amma fa ranar da ka buɗe ruwa.c da niyyar karantawa a nan za ka gane kurenka. Inda marubucin ya sa A(I,J) kawai, abin da za ka tarar shi ne

a[i__ + j * a_dim1]

kuma can sama akwai wani layi a -= a_offset da aka ja manunin baya da gangan, dalili kuwa Fortran daga 1 yake fara ƙirga alhali C daga 0, sannan Fortran ta tsaye yake jera lambobin tebur a ƙwaƙwalwa shi kuma C ta kwance, f2c bai gyara tsarin ba sai ya lanƙwasa C ɗin ya bi halin Fortran. Na PRINT *, X ma ya fi ban haushi, layi ɗaya tak amma sai ya koma

s_wsle(&io___1);
do_lio(&c__5, &c__1, (char *)&x, (ftnlen)sizeof(doublereal));
e_wsle();

Duk GOTO ɗin da ke ciki yana nan daram a matsayin goto L10, goto L200, COMMON ya koma struct, sunan kowane SUBROUTINE an liƙa masa ɗan layin ƙasa a wutsiya. Wato Fortran ne ya sa rigar C. Kwamfaila za ta karɓa da murna, amma ɗan Adam in ya ce zai yi gyara a ciki sai ya sha Panadol. In dai dole sai ka yi, ka ƙara -c domin ya bar maka ainihin layukan Fortran ɗin a gefe kana dubawa, da -C wanda yake kama maka inda lissafi ya zarce iyakar tebur. Kuma 77 kaɗai ya sani, ya ga MODULE ko ALLOCATABLE na Fortran 90 zai tsaya cak.

Shi f2py yana cikin NumPy, laburaren lissafi na Python, in kana da NumPy toh kana da shi, gfortran ne kawai za ka ƙara. Pearu Peterson ne ya rubuta shi, kuma SciPy, laburaren lissafin kimiyya na Python, ta daɗe tana hawa kansa wajen kiran tsofaffin laburaren Fortran. Umarnin shi ne

python -m numpy.f2py -c ruwa.f -m ruwa

daga nan ka shiga Python ka ce import ruwa, ka buga print(ruwa.__doc__) ka ga jerin abubuwan da ya buɗe maka. In Python ɗinka 3.12 ne ko sama ka fara sa kayan harhaɗawa meson da ninja ta hanyar pip, don an cire distutils da f2py yake dogara da shi a da tun daga nan, rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa suke cewa f2py ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Shi ma ba wai ba shi da nasa ƙaiƙayin ba. Na farko baya naɗe PROGRAM, sai SUBROUTINE da FUNCTION, in firogiram ɗin naka dogon zare ɗaya ne tun daga READ har STOP toh sai ka zauna ka yanke tsakiyar lissafin ka mai da shi SUBROUTINE. Na biyu Fortran 77 baya faɗin wace ƙima ce ke shiga wace ce ke fita, kai za ka gaya masa, ko dai ka sa layi irin

Cf2py intent(out) q

a cikin kod ɗin (gfortran zai ɗauke shi sharhi ne saboda C ɗin farko, ba ruwansa), ko ka fitar da fayil ɗin .pyf, mai bayyana wa f2py abin da ke shiga da fita, da -h ka gyara a can in ba ka son taɓa kayan sufabaiza. In ka manta, za ka kira abu ya yi lissafi ya gama ya dawo maka da None kana ta kallon allo. Sannan ka nemo duk inda aka rubuta STOP, domin in lissafi ya faɗa kansa ba Fortran ɗin kaɗai zai mutu ba har Python ɗin zai ja su tafi tare, kana cikin Jupyter sai dai ka ga kanel ya mutu ba sallama.

Akwai wuri ɗaya da f2c ya taɓa yi min rana, kuma ya kamata ka sani tunda irin kod ɗinka ne. Wani tsohon kod na gada, na bi da shi ta f2c amsa ta fito daidai da ta tsohuwar takardar da aka haɗo min da ita, na bi ta gfortran sai zagaye na farko ya yi daidai na biyu ya fara kawo shirme. Kwana biyu ina zargin kaina. Ashe marubucin ya saba da kwamfailar zamaninsu da ke riƙe ƙimar da ke cikin SUBROUTINE daga kira zuwa kira ko ba a rubuta SAVE ba, f2c ma haka yake yi in ba ka sa masa -a ba, shi kuma gfortran baya ba da wannan tabbacin. -fno-automatic na ƙara magana ta ƙare. In ta f2py za ka bi sai ka miƙa shi ta --f77flags.

Toh wanne za ka ɗauka? Ni dai a naka f2py zan ce ba tare da wani dogon tunani ba. Kai abin da kake so shi ne ka zuba bayanan ruwan sama, ka samu amsa, ka zana giraf da matplotlib ka kai wa sufabaiza, ba ka da buƙatar C ko kaɗan, kuma shi sufabaizan in ya ce a canza wata dabara a Fortran ɗinsa zai nuna maka, ka kai masa a_dim1 ai faɗa za ku yi. f2c yana da ranarsa ne inda babu kwamfailar Fortran sam sai ta C, misali ƙananan na'urori, ko abin da mutanen Pyodide suka yi da suka so SciPy ta yi aiki a cikin burauza, f2c suka sa ya juya musu Fortran ɗin zuwa C kafin a kai shi WebAssembly, tsarin kod da burauza ke iya tafiyarwa. Su ba karantawa za su yi ba, kwamfaila za su ba, shi ya sa munin kod ɗin bai dame su ba.

Na san wani zai ce a zuba shi a ChatGPT kawai ya mai da shi Python. Zai ba ka mai kyan gani kam fiye da na f2c nesa ba kusa ba, sai dai maganar fara ƙirga daga 1 ɗin nan, da dokar Fortran ta cewa duk sunan da ya fara da I zuwa N cikakkiyar lamba ce in ba a faɗi akasin haka ba, wurare ne da ake zamewa shiru, firogiram ya tashi lafiya amsa kuma ta karkace ba ka sani ba. Ga shi madaukin DO mai zagaye miliyoyi in ya koma for na Python zalla sai ka sha shayi ka dawo bai gama ba.

Kafin ma ka taɓa ko ɗaya cikinsu, ka fara harhaɗa shi yadda yake:

gfortran -std=legacy -fno-automatic ruwa.f -o asali

ka ba shi bayanan gwaji kala uku ko huɗu ka adana amsoshin a fayil, duk abin da ka yi daga baya ka riƙa gwada shi da waɗannan ta diff. In gfortran ɗinka 10 ne ko sama ya yi maka ihun argument mismatch, gargaɗi ne kawai, don -std=legacy ɗin nan ya riga ya haɗa da -fallow-argument-mismatch. Kuma don Allah kar ka bari edita ya gyara maka tazarar layuka, a Fortran 77 gurbi na 6 na ci gaban layi ne, duk abin da ya wuce gurbi na 72 kuma watsi ake yi da shi tun zamanin kati mai huji, ka tura layi gaba kaɗan sai wutsiyar lissafi ta yanke.

Ka buga grep -il "allocatable" * a cikin foldar, in ya fito da sunan wani fayil toh ba 77 zalla ba ne, maganar f2c ma ta faɗi da kanta. Ka turo min abin da ya nuna da layuka 30 na farkon babban fayil ɗin, in Allah ya kai mu dare kuma wuta ta tsaya zan rubuta maka .pyf ɗin.