Saƙo daga Texas: maganar furofela da kuros

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka tambaye ni ko kayan motar Amurka sun fi na kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wasu sun fi, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke ɗaura furofela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin tayoyin baya.

Garejin da nake aiki a Houston, tsofaffin motoci muke tayarwa, mu sa musu sabon inji da giya. Da an sauya giya, zaman furofela ya sauya. A gida sai mu kai wa mai walda ya rage tsawonta, mu ɗaure, mota ta kama gurnani da rawar jiki in ta ɗau gudu, mu ce kuros ɗin, wato gaɓar da ke kowane bakin furofela, jabu ne. Sau da yawa ba laifin kuros ba ne. In ya karkata, juyinsa ba ya tafiya daidai: sau biyu yake sauri, sau biyu ya lafa, a kowane zagaye. Kuros na baya ne ke gyara abin da na gaba ya ɓata, kuma ba zai iya ba sai karkatarsu ta zo ɗaya, kunnuwansu, wato ƙarafan furofela da ke riƙe da su, na kan layi guda.

Shi ya sa nan ba a aiki da ido. Akwai ɗan ma'auni na karkata mai maganaɗisu, bai cika tafin hannu ba. Sai mota ta zauna kan tayoyinta da nauyinta, a manna shi a bayan giya, a jikin furofela, sannan a bakin aksul, a fitar da bambancin. Kowane kuros kada ya wuce digiri 3, tazarar da ke tsakanin biyun kada ta haura digiri 1. Miƙewa samɓal ma illa ce, domin in babu ko rabin digiri, alluran da ke cikin kuros ba sa juyawa, sai su ci ƙarfen wuri ɗaya. In lissafi bai fita ba, akan cusa siririn ƙarfe mai gangara tsakanin sifirin da aksul.

Akwai shagunan da furofela kaɗai suke yi. Su yanka, su yi walda, su ɗora ta kan injin da ke juya ta, su liƙa ƴan ƙarafa har ta daina rawa. Kuros kuwa da lamba ake saye, irin su 1310 da 1350 na Spicer. Sai dai kuɗin aiki da awa ake biya, kuma abin da za ka gyara da hannunka, su jefarwa suke yi. Wajen gane ciwon mota da kunne, ban ga wanda ya kama ƙafarka ba.

Ina tuna Hilux ɗin da ake ƙara wa ganyen sifirin don ɗaukar kaya. Tana ɗagawa, karkatar kuros ta ƙaru, ga lodi, ga ramuka. Wallahi asarar da direbobin gida ke yi tana damuna. Zan aiko maka da ma'aunin ta hannun mai zuwa. Kafin nan, kowace furofela za ku zare, a yi mata alama da fenti a mahaɗarta, don kunnuwan su koma yadda suka fito.