Akwatin kayan kolaj da Yaya ta bani: jel din yayi, kyallayen kuma sai a hankali

Wata hudu kenan da Yaya ta kawo min wannan akwatin, irin wanda ake hadawa masu son fara kolaj da zanen kyalle, kuma sai yanzu nake jin na isa ince wani abu a kanshi tunda na kusa cinye duk abinda ke ciki. Sunan kamfanin bazan kira ba, dama kamfanoni barkatai ke hada irinshi, in ka bude biyu uku zaka ga duk kanwar ja ce, kwalin waje ne kawai ya bambanta. Dalilin kyautar ma abin dariya ne, ta shigo dakina ta tarar da leda biyu makil da guntayen yadi da tsofaffin ambulan da takardun nade kyauta da naki zubarwa, tace "ke wai sharar nan gado zaki barwa wani?" nace "Yaya aiki zanyi da su fa", tace to mu gani a kasa. Bayan sati biyu sai ga akwati.

Ga wanda bai sani ba, kolaj kalmar Faransanci ce daga coller, wato mannawa. Ka samo takarda, kyalle, zare, maballi, hoto, duk abinda ya samu, ka manna a allo daya, ka kara fenti ko dinki in kana so har ya zama hoto guda.

Abinda na tarar a ciki dai allo uku ne na kwali mai kauri da aka lullube da farin yadi, farin gam kwalba daya, wani dan gwangwani na jel, burushi biyu, rola ta roba, almakashi, takardun ado, kunshin kyallaye, takardar gam ta guga guda biyar, sai dan littafin bayani mai shafi takwas wanda rabinshi hotuna ne.

Ranar farko da farin gam na fara saboda shi na sani. Na yanko hoton tsuntsu daga mujalla na lafta mishi gam na manna, kafin in juya in dauko burushi takardar ta kumbura ta tattare, na sa yatsa in gyara ta yage daidai wuyan tsuntsun. Na zata ni ce ban iya ba, ashe ruwan da ke cikin gam din ne yayi yawa, takarda in ta sha ruwa sai ta bude, in tana bushewa kuma ta koma, to a wannan budewa da komawar ne take yamutsewa, kuma duk wadda ta fi siranta ta fi shan wahala. A ma'aunin nauyin takarda (nauyin murabba'in mita daya), takardar firinta gram 80 ce, ta mujalla sau da yawa bata ma kai haka ba, ta masu fentin ruwa kuwa har gram 300 ake yi, shi yasa ita ko a jikinta. Ba wai farin gam din bai da amfani bane, kwali da kwali yana rikewa sosai, amma littafin cewa yayi ayi komai da shi, wannan kam ba gaskiya bane.

Jel din shine ya biya ni. Irin na fentin akirilik ne amma babu launi a ciki, yana da kauri kamar man shafawa, kuma baya jika takarda sharkaf. Yadda na gano yafi yi shine in shafa kadan a allon, in shafa kadan a bayan takardar, in dora, sannan in bi da rola daga tsakiya zuwa gefe don iskar da ta makale ta fita, in na gama in shimfida leda a kai in danne da manyan littattafai ya kwana. Daren farko wallahi hankalina ya tashi, don da na shafa shi a saman aikin komai ya zama fari fat kamar an zuba madara, nace shikenan na bata kyautar mutane, da safe na duba ya washe tas, launukan sun fito har sun fi da. In ya bushe ruwa baya narkar da shi, kenan zaka iya yin fenti a sama, ka sake manna wani abu, ka sake fenti, na kasa ba zai motsa ba. Amma burushi fa ka wanke shi nan take, na manta daya a kan tebur na tafi amsa waya, yanzu sanda ce.

Matsala biyu na samu da shi. Wanda suka sa mara sheki ne, to a kan bakin kyalle ko shudi mai duhu in ka shafa sau uku sai kaga wani hazo-hazo ya hau, mai sheki baya yin haka sosai. Ta biyu kuma gwangwanin karami ne kwarai, allo daya da rabi ya kare, kamar dandano aka baka don ka koma ka sayi babba. Masu tambaya ko Mod Podge zai iya maye gurbinshi, zai yi, shima gam ne da abin rufe sama a hade kuma tun 1967 ake yinshi a Amurka, sai dai yafi jel ruwa, don haka abu mai nauyi irin maballi ko igiya jel mai kauri yafi rikewa.

Wani abu da littafin ya kamata ya fada bai fada ba shine maganar tawada. Na buga wani hoto da firintar gida mai tawadar ruwa, ina shafa jel a kai fuskar ta narke ta zama kore da ja. Na fotokwafi ko firintar leza baya yin haka saboda tawadarshi gari ce da ake kira tona, shine zafi ya narkar ya like a takarda. Da irin wannan ma akwai wata dabara mai dadi, ka shafa jel a fuskar hoton ka kife shi a kan kyalle, ka bar shi ya kwana, da safe ka jika bayan takardar kana murzawa da yatsa a hankali tana fita kamar dauda, hoton ya zauna a kan kyallen zaren yadin na lekowa ta ciki. Na yi awa daya ina murza daya har yatsana yayi ja, ban ji komai ba.

Takardar gam ta guga ma na yaba mata. Gefe daya takarda ce, daya gefen siririn gam ne, ka dora ta a bayan kyalle ka bi da dutsen guga, ka yanke siffar da kake so, ka bare takardar, ka dora a inda zai zauna ka sake gogewa. Bakin kyallen baya warwarewa kuma ba jika ba komai. Abinda zaka kiyaye, zanen da kayi a takardar a juye zai fito, ni harafin K na zana da kyau na yanke na manna sai gashi yana kallon baya, wannan kam laifina ne. Kuma sabon yadi a wanke shi tukuna, akwai wani abu kamar sitaci da ake sa mishi a masaka da ke hana gam kamawa.

To anan ne kuma kyallayen nasu suka bani haushi. A jikin kwali an rubuta auduga zalla, na dora guga a kan wani ruwan hoda sai naji wari, na daga ya kankance ya like a gindin dutsen gugar, na kwashe minti ashirin ina kankarewa. Daga nan na zare zare daya daga kowanne na kona bakinshi da ashana, auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, yadin roba kuwa narkewa yake ya dunkule ya zama dan kwallo mai tauri. Kusan rabi roba ne. Haba, ai ko ba komai a rubuta gaskiya mutum ya san zafin da zai sa.

Almakashin ba laifi a satin farko, amma guda daya suka bayar na takarda da kyalle, kuma duk mai dinki ya san takarda na dakushe almakashi saboda alli da farar kasa da ake zubawa a cikinta. Yanzu taunar yadi kawai yake. Na sayi reza mai kamar taya, irin wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, mai milimita 45, da tabarmar yanka, layi ya koma fita sak. Tabarmar dai a ajiye ta a shimfide nesa da rana da guga, in ta lankwashe da wuya ta dawo.

Amma babban abinda ke raina ba roba ko almakashi bane. Kyallayen da takardun an riga an zaba maka su, launi ya dace da launi, fure ya dace da fure, duk yadda ka jera su zai yi kyau kuma zai yi kama da na duk wanda ya sayi akwatin. Allona na farko da su nayi, yayi tsaf kamar katin gaisuwa, na rataye kwana uku na sauke don ba abinda yake ce min. Alhali wadanda suka shigo da abin nan cikin zanen zamani a 1912 ba kayan kwalliya suka nema ba, wato masu zane biyu Braque da Picasso, Braque takardar bango mai zanen katako ya saya ya yanka, Picasso kuma ledar shimfida tebur mai zanen sakar kujera ya manna ya zagaye da igiya. Haka matan Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin wandunan aiki suke dinka barguna, har wurin da gwiwa ta kode ana gani, kuma a 2002 aka baje su a manyan gidajen tarihi na Houston da New York. Abu daya zan yabawa takardun akwatin, an rubuta basu da asid, kenan ba za su yi saurin jirkicewa ba, jarida kuwa ja take komawa da shekaru, jaridun da ke jikin ayyukan su Picasso yanzu duk sun zama ruwan kasa. Ni dai jan ma yana burge ni.

In kana tunanin saye, in baka taba rike rola ko jel ba kuma kana son ka taba komai sau daya ka gani, akwatin zai yi maka. In kana da ledar guntaye a daki kamar ni, sayi babban jel da rola da takardar guga daban, allo kuma ko bayan kwali mai kauri ya isa.

Allo na ukun da kayan ledata nayi shi, ambulan mai tambari, guntun jins, leshin da ya rage daga wata riga, da wani aljihu mai ratsin shudi na dinke da jan zare. Yaya ta zo ta dade tana kallo, can tace "tsaya, wannan ba aljihun rigar Baba bane?" nace shine. Tace "ya san kin yanka?" nace "Yaya ai ta yage tuntuni". Ta dauke allon ta sa a jaka wai na falonta ne, nace to a kawo min jel babban gwangwani, mai sheki. Har yau Baba bai tambayi rigar ba.