Sharhi kan kujerar hawa bishiya ta Summit Viper SD, da abin da mafarauci zai duba kafin ya saya

A jihohin gabashin Amurka, farautar barewa mai farar wutsiya yawanci farautar dako ce, wato mafarauci ya gano hanyar da dabbar take bi tsakanin makwancinta da wurin kiwonta, ya zauna shiru har ta zo da ƙafarta. Da yake barewar nan tana da kaifin hanci da saurin ji, kuma ƙasan dajin cike yake da busassun ganyaye masu ƙara a lokacin kaka, mafarauta sun fi son yin dakon a kan bishiya, inda iska takan wuce da warin jikin mutum ta saman dabbar, ido kuma ya hangi nesa. Kujerun da ake wannan zama a kai iri uku ne. Akwai mai tsani wadda ake kafawa a bar ta a wuri ɗaya, akwai ta ratayawa wadda sai an haɗa ta da matakai na daban, sannan akwai wadda mutum yake hawa bishiyar da ita kanta. A kan ta ukun zan yi magana, domin da ita nake farauta a dazuzzukan gwamnati na jihar Pennsylvania, kuma samfurin da ke hannuna shi ne Viper SD na kamfanin Summit.

Dalilin da ya kai ni ga irin wannan kujera shi ne yanayin filin da nake shiga. Hukumar kula da namun daji ta Pennsylvania tana riƙe da filayen farauta da suka kai kimanin eka miliyan ɗaya da rabi, kuma duk mai lasisi yana da damar shiga. Sai dai dokar waɗannan filaye ta hana murɗa matakan ƙarfe a cikin jikin bishiya, ta kuma wajabta wa wanda ya bar kujerarsa ta kwana a daji ya maƙala mata shaidar mai ita. Ko da doka ta yarda, barin kaya mai tsada a filin da kowa yake ratsawa ba ya kwantar da hankali, kuma kujerar da aka gani a rataye tana sanar da sauran mafarauta inda ka ga alamar dabba. Kujerar hawa tana raba mutum da duk wannan, domin da ita zai shiga a goye da asuba, da ita zai fito da yamma, idan iska ta juya kuma ya sauya bishiya a ranar.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, kashi biyu ce. Na ƙasa dandamali ne da ake tsayawa a kai, na sama kuma shi ne mai mazauni da sandar da ta kewaye gaban mai zama. Kowane kashi yana da haƙoran ƙarfe da suke cizon gaban bishiya, da kebul mai rufin roba da yake zagaya bayanta, don haka nauyin mutum ne yake ƙara danne haƙoran a cikin ɓawo. Wanda ya taɓa kallon masu hawa bishiyar kwakwar manja da kewayayyar igiya zai gane dabarar nan take, domin hikimar ɗaya ce. Mai hawa yana fuskantar bishiya, ya zauna a kan sandar gaba, ya ɗago dandamali da ƙafafunsa da ya zura a mariƙansu, ya danna shi har ya ciji, sannan ya miƙe tsaye ya ɗaga kashin sama. Haka zai yi ta maimaitawa har ya kai tsayin da yake so, wanda ga yawancin mafarauta yakan kasance mita biyar zuwa shida, sannan ya juya ya jingina bayansa da bishiya.

Viper SD da alminiyum aka ƙera ta, nauyinta kimanin kilo 9, an yi ta domin ɗaukar mutum da kayansa har kilo 136, tana kuma kama bishiyar da faɗin gangarta yake tsakanin inci 8 da inci 20. Abin da na fara yaba mata shi ne yadda ake ɗaure kebul. Yana da gaɓoɓi a jere, ana zura shi a cikin hannun kujerar, wani ɗan maƙulli mai sifirin ya riƙe gaɓar da aka zaɓa, babu ƙusa ko noti da za su faɗi su ɓace a cikin ganye. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mai ɗaure kujera a cikin duhun asuba, da safar hannu, yatsunsa kuma sun yi sanyi. A nan ne kuma ake koyon aikin da ya fi buƙatar ido. Gangar bishiya tana sirancewa yayin da ake yin sama, saboda haka dole a gindi a ɗaure dandamalin bakinsa yana ɗan kallon sama, ta yadda idan an kai inda za a zauna zai daidaita. Idan aka ɗaure shi a daidaice tun daga ƙasa, a sama zai sunkuya, mutum ya wuni yana tokare ƙafa don kada ya zame gaba. Gyara kebul na dandamalin da kake tsaye a kansa a can sama kuwa ganganci ne, abin da ya dace shi ne a sauko a sake ɗauri. Ina ba sabon mai kujera shawara ya yi ta gwada wannan a ƙasa-ƙasa da rana, a bishiyoyi masu kauri daban-daban, kafin lokacin farauta ya kama.

Babban abin da ya sa na riƙe wannan kujera shi ne daɗin zama, kuma ina ganin masu saye da yawa suna raina wannan batu suna bin rashin nauyi kawai. Mazauninta mai soso ne, a rataye yake da madauri daga hannuwan kashin sama, yana da majinginar baya, ana kuma iya ɗaga shi ko a sauke shi daidai da tsawon ƙafar mai zama. A farkon watan Nuwamba, lokacin da mazan barewa suke bin mata, babban namiji yana iya ratsowa da tsakar rana kamar yadda yake iya ratsowa da sassafe, don haka mai son samu yakan zauna daga fitowar alfijir har faɗuwar rana. Mutumin da mazauninsa yake cin masa cinya ba zai iya wannan ba. Zai yi ta gyara zama, yana miƙe ƙafa, yana juya kafaɗa, barewa kuwa motsi take fara gani kafin siffa. A kan Viper nakan yi sa'o'i ban ji buƙatar motsawa ba, kuma sandar da ta kewaye ni tana ba ni natsuwar da nake iya mai da hankalina kacokan ga daji maimakon tunanin tsayin da ke ƙarƙashina.

Batun ƙara ma ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin in sayi tawa, na yi amfani da wata tsohuwar kujera ta baƙin ƙarfe da wani abokin aikina ya ara mini. Ƙarfinta ba abin zargi ba ne, amma bututunta fanko ne, kuma a safiyar da sanyi ya ƙanƙare komai, idan zik ɗin riga ya taɓa ta sai ka ji amon ya ratsa daji. Masu ƙera Viper sun cusa wani irin kumfa a cikin sassan bututunta domin kashe wannan amo, kuma bambancin a fili yake, domin idan ƙarfe ya bugi ƙarfe sautin a dakushe yake fita, ba ya tafiya nesa. Duk da haka babu kujerar hawa da take shiru gaba ɗaya, tun da haƙora suna kankarar ɓawo a kowane ɗagawa. Maganin wannan a hannun mai hawa yake, ya riƙa ɗaga kujerar kaɗan-kaɗan, ya janye haƙoran daga jikin bishiya kafin ya ja su sama, ya kuma iso da wuri don daji ya sake lafawa kafin gari ya waye.

Sandar gaba tana da fuska biyu, kuma ya kamata mai saye ya san makamin da zai fi farauta da shi. Ga mai bindiga, a lokacin farautar bindiga da ake buɗewa ranar Asabar ta bayan bikin godiya da Amurkawa suke yi a ƙarshen Nuwamba, sandar madogara ce mai kyau, yana ɗora hannu a kai ya saita ba tare da rawar hannu ba. Ga mai kwari da baka, wanda lokacinsa yake farawa tun wajen farkon Oktoba, tana iya tare ƙasan bakan idan dabbar ta zo kusa da gindin bishiya. Ni dai nakan sauke kashin sama ya yi ƙasa da ƙuguna, in miƙe tsaye kafin in ja baka, kuma hakan ya wadatar da ni. Wanda farautarsa duka ta baka ce zai fi jin daɗin kujera mai buɗaɗɗen gaba, irin wadda ake hawa da ƙarfin hannu, kamar ta kamfanin Lone Wolf, wadda take naɗewa ta kwanta shafal a baya kuma ta ɗan fi sauƙin nauyi, sai dai mazauninta ƙarami ne, hawa da ita kuma yana neman ƙarfin damtse.

Kilo 9 ba ya da yawa a bakin mota, amma idan aka ƙara jaka da rigunan sanyi da makami, aka yi tafiyar kilomita biyu a kan tudu, kafaɗa za ta san an ɗora mata kaya. Na ƙara wa tawa madaurin kafaɗa mai kauri da ɗamarar ƙugu, kamar yadda mafarauta da dama suke yi, nauyin ya koma kan ƙugu, tafiyar ta yi sauƙi sosai. Faɗinta kuwa babu yadda za a yi da shi, a cikin sarƙaƙƙiya sai an bi a hankali.

Iyakar da ta fi kowace girma ba ta wannan samfuri kaɗai ba ce, ta duk kujerun hawa ce, kuma ita ce nake so mai niyyar saye ya fara aunawa kafin ya duba farashi. Kujerar tana buƙatar bishiya miƙaƙƙiya, mai rai, wadda ba ta da reshe daga ƙasa har inda za a zauna. A dajin da bishiyoyin fayin, ok da fofla suka yi tsayi suna neman rana, irin wannan bishiya ba ta da wuyar samu. A bakin gona ko bakin fadama kuwa, inda barewa ta fi yawan bi, bishiyoyi sukan karkace su yi rassa tun daga ƙasa, sai mutum ya ga wurin da ya dace da dako amma babu abin da zai hau. Bishiyar bic da sikamo santsin ɓawonsu yana hana haƙora kamawa, musamman bayan ruwan sama, wani nau'in hikori kuma ɓawonsa yana ɓamɓarewa ɓaro-ɓaro da ƙara. Mafi hatsari su ne bishiyoyin ash da wani koren ƙwaro mai huda itace ya kashe. An fara gano ƙwaron a jihar Michigan a shekarar 2002, ya bazu zuwa jihohi da yawa har da tamu, ya bar matattun bishiyoyi a tsaye, miƙaƙƙu, marasa rassa a ƙasa, waɗanda a cikin duhu suke kama da abin da mai kujerar hawa yake nema. Saboda haka nakan zaɓi bishiyata da rana tun kafin ranar farauta, in ɗaga kai in tabbatar samanta yana da rai. Wanda ya zaga dajinsa ya ga yawancin bishiyoyinsa karkatattu ne, kujerar ratayawa da matakai masu madauri za ta fi yi masa amfani, komai kyan Viper.

Game da tsaro ba ni da sassauci ko kaɗan, domin faɗowa daga bishiya yana cikin manyan abubuwan da suke jikkata mafarautan barewa a Amurka, kuma sau da yawa a lokacin hawa ko sauka yake faruwa. Kujerar tana zuwa da ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, kuma wajibi ne igiyarta ta kasance a ɗaure da bishiya tun daga ɗagawar farko, ana tura ta sama a kowane mataki, har ƙafa ta dawo ƙasa. Akwai kuma igiyar da take haɗa kashin sama da na ƙasa, wadda idan babu ita dandamali yana iya suɓucewa daga ƙafa ya zame har gindi, ya bar mutum a sama babu mataka. A aljihun ƙirji nake ajiye waya da ɗan madaurin da ake taka ƙafa a kai idan an faɗi an rataye, domin daɗewa a rataye cikin ɗamara yana tare gudun jini a ƙafafu. Bindiga ba a hawa da ita a jiki, ana cire harsashi a ɗaure ta da igiya, sai an zauna an ɗaure sannan a jawo ta. A lokacin bindiga kuma doka ta wajabta tufa mai ruwan lemo da ta kai murabba'in inci 250 a kai da ƙirji da baya, ko da mutum yana kan bishiya.

Akwai wani abu da ya shafi mafarauci Musulmi wanda takardar kamfani ba za ta ambata ba. Muna ambaton sunan Allah yayin harbi, idan kuma muka tarar da dabbar da sauran rai sai mu yanka ta, don haka zuciya takan so a sauko da gaggawa. Sauka da kujerar hawa tana cin mintuna, kuma ba ta karɓar garaje, domin kowane taki sai haƙora sun ciji kafin a saki nauyi. Na saba wa kaina in lura da inda dabbar ta nufa, in sauke makami da igiya, sannan in sauko da natsuwar da na hau da ita, wuƙata tana wurin da hannu zai kai gare ta da zarar na taka ƙasa.

Farashinta ya haura dala 300, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta ga wanda yake farauta a filin gwamnati mai dogayen bishiyoyi, yake kuma zama mai tsawo. Mai jiki sosai, wanda shi da kayansa za su kusanci kilo 136, ya nemi yayarta Goliath SD, wadda ta fi faɗi kuma take ɗaukar kimanin kilo 159. Wanda zai sayi ta hannu ya duba walda a kowace mahaɗa, ya murza kebul ya ga ko robar ta tsage ko tsatsa ta shiga wayar, ya kuma sayi sabuwar ɗamarar tsaro maimakon ya dogara da wadda bai san tarihinta ba. Kebul da mazauni duka ana sayar da su daban, kuma ni nakan duba nawa a ƙarshen kowace bazara, in ajiye kujerar a cikin ɗaki inda rana da ruwa ba za su ci madaurinta ba.