Inkscape ce ta raba ni da zanen da ke karkacewa a injin yankan sitika

Duk mai aiki da injin yankan sitika ya san wannan ciwon kan, ka zauna ka tsara zane tsaf a kwamfuta, kana shigar da shi manhajar injin sai abu ya koma wani iri, rubutu ya canza kama ko ya ɓace ɗungurungum, da'ira ta zama ƙwai, tambarin da ka auna inci 4 ya dawo inci 3. Ni dai na daɗe ina ɗora wa injina laifi wallahi, har wuƙa na canza, ashe shi ba ruwansa, fayil ɗin ne da matsala.

Yanzu duk SVG ɗin da aka turo min, wato nau'in fayil ɗin zanen layi, sai na fara bi da shi ta manhajar zane ta Inkscape kafin ya je wajen injin. Kyauta ce, tana hawa Windows da Mac da Linux, kuma don wannan aikin kaɗai ma ta cancanci zama a kwamfutarka.

Maganar girma ita ta fi ba ni wahala kafin na gane kanta. Illustrator, manhajar zane ta Adobe, yana lissafa inci ɗaya a matsayin ɗigo 72, ita kuwa Inkscape 96 take amfani da shi tun sigar 0.92 da ta fito a 2017, kafin nan ma 90 ne, to idan fayil bai faɗi ma'auninsa ƙarara ba sai manhajar injin ta yi nata lissafin, inci 4 ɗinka ɗigo 288 ne a Illustrator, a raba da 96 ka ga inci 3 kenan, babu wani aljani a ciki. Abin da nake yi, na mayar da ma'aunin shafi milimita, sannan na zana ɗan murabba'i mai inci ɗaya a gefen zanen. Idan ya shiga ya nuna 0.75 na san zan ƙara girman zuwa kashi 133.3 cikin ɗari, na goge murabba'in na ci gaba. Kuma don Allah a riƙa kulle ɗan kwaɗon nan na tsawo da faɗi kafin a ja, rabin da'irorin da ke zama ƙwai da mutane ke kuka da su daga nan suke.

Shi injin layi kawai ya sani, inda wuƙa za ta bi. Bai san font ba, bai san kaurin layi ba. Shi ya sa rubutu sai ka danna masa Object to Path, layi mai kauri kuma Stroke to Path, in ba haka ba tsakiyarsa kawai zai tsaga maka. Rubutun da haruffansa ke haɗe da juna a yi masa Union, don kar wuƙa ta yanka cikin kowane harafi inda suka hau kan juna. Sai a warware rukuni-rukunin nan duka, a cire clip da mask, wato abubuwan da ke ɓoye wani sashen zane, don manhajojin yanka da yawa ba sa karanta su, a duba a Outline, yanayin da ke nuna layuka zalla, a ga ko akwai layi biyu a kan juna, a ajiye a matsayin Plain SVG. Shikenan fa.

Inda ban yaba mata ba, Simplify ɗinta mai rage ɗigogin da ke kan layi ba ta da tausayi, zanen da aka ciro daga hoto mai ɗigo dubu in ka matsa Ctrl da L sau biyu uku sai kusurwoyi su narke kamar kitse, gara ka zauna ka rage da hannu. Sannan sabon shiga zai ɗan ruɗe da yawan maɓallan, kuma fayil mai nauyi yana sa ta jan ƙafa.

Masu Silhouette Studio na kyauta, wato manhajar injinan Silhouette, ku sani ba ya buɗe SVG sai an sayi Designer Edition, amma yana karɓar nau'in fayil na DXF kuma Inkscape tana fitar da shi, sai dai a sake auna girman bayan ya shiga, a zuƙo lanƙwasoshin a gani ko sun kakkarye, kuma a fara gwadawa a guntun sitika kafin a sa babban nadi.