Gyaran ma'ajiyar kaya a ƙaramin jirgin shaƙatawa: abin da kafinta ya yi da abin da ya ƙi yi

Jirgin da nake magana a kansa ƙaramin jirgin ruwa ne na shaƙatawa mai ɗakin kwana, ƙirar faiba ta shekarun 1970, tsawonsa kimanin mita bakwai, kuma mazauninsa Kogin Bure ne a Norfolk Broads, yankin koguna da tafkuna da ke gabashin Ingila. Irinsa suna da yawa a kogunan ƙasar, domin a wancan zamani kamfanoni irin su Freeman da Seamaster da Norman sun ƙera su da yawa, har yau kuma ana sayar da su na hannu a farashin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya biya. An tsara su ne domin iyali su fita ranar Asabar su dawo Lahadi da 'yar jakar tufafi da abincin kwana ɗaya, saboda haka duk wanda ya yi niyyar shafe mako guda a cikinsa da iyali zai ga cewa wurin ajiyar kaya ne matsalar farko da za ta tare shi, tun kafin ya fara tunanin inji ko fenti.

A namu jirgin, kusan dukkan wurin ajiya yana ƙarƙashin kujeru biyu ne da ake shimfiɗawa su zama gado da dare. Idan ana son ɗauko tukunya ko bargo, sai an tayar da wanda ke zaune, an ɗaga katifa, an cire murfin katako, sannan a zura hannu cikin rami mai duhu wanda ƙasansa ya karkace bisa siffar cikin jirgin. Abin da aka saka a ƙasa ba ya sake fitowa sai ƙarshen bazara, kuma yakan fito ne da warin danshi da ɗigon fumfuna. Wannan ne ya sa na kai jirgin wurin wani kafintan jirage da ke aiki a wata ma'aikatar gyara a bakin kogin, kuma wannan sharhi bayani ne na aikin da ya yi bayan mun yi amfani da shi a cikin zafi da sanyi.

Buƙatata a lokacin ita ce a ƙara min kabad-kabad, amma kafintan bai fara da awo ba. Ya nemi a fito da duk abin da ke cikin jirgin a jere a kan dakalin da ake ɗaure jirage, sannan a raba shi kashi-kashi bisa yawan amfani da nauyi da kuma ko yana jure laima. Hujjarsa ita ce, a ƙaramin jirgi ba ƙarancin wuri ne ainihin ciwon ba, domin wurin yana nan. Abin da ya ɓace shi ne hanyar isa gare shi cikin sauƙi da kuma hanyar tsare shi daga danshi. Na amince da wannan magana a yau fiye da ranar da ya faɗe ta, domin a ƙarshen aikin kabad ɗaya tak aka ƙara, amma kayan da a da suke zube a kan kujeru duk sun sami mazauni.

Babban aikin shi ne sauya ramukan ƙarƙashin kujeru. Ya yanke gaban kujerar hagu ya saka durowa biyu masu fitowa ta gefen hanyar wucewa, ta yadda ba sai an taɓa katifa ba, kujerar dama kuwa ya bar ta a matsayin rami mai zurfi amma ya raba murfinta biyu, ya saka hinji da sandar iska mai riƙe murfi a sama, irin wadda ke riƙe ƙofar but ɗin mota. Durowar ta sauya zaman ɗakin gaba ɗaya, domin kwanuka da kayan shayi da fitilar hannu suna fitowa cikin daƙiƙa. Sai dai dole mai karatu ya san farashin wannan sauƙi: durowa mai kusurwa huɗu ce, cikin jirgi kuwa lanƙwasasshe ne, don haka duk abin da ke bayanta da ƙarƙashinta ya zama asara. A ƙiyasina na ido, kusan kashi ɗaya cikin uku na ramin hagu ya tafi. Wanda kayansa manya ne, kamar barguna da jakunkunan barci, rami mai murfi ya fi masa amfani, kuma da a ce an yi durowa a ɓangarorin biyu, da na yi da-na-sani.

Inda na fi ganin ƙwarewarsa shi ne wajen maganin danshi, aikin da ba ya fitowa a hoto kuma ba wanda zai yaba shi idan ya shigo jirgin. Jikin jirgin faiba a ƙasa da layin ruwa yana ɗaukar sanyin kogi, iskar ɗakin kuwa tana ɗauke da tururin numfashi da na girki, musamman ma da yake murhun gas da kansa yana fitar da tururin ruwa idan yana ci. Idan wannan iska mai ɗumi ta taɓa bango mai sanyi sai bangon ya yi gumi, gumin ya gangara ƙasan ramin, tufafin da ke jingine da shi su tsotse. Abin da kafintan ya yi shi ne, ya shimfiɗa siraran katakai masu tazara a ƙasan kowane rami da jikin bangonsa domin kada kaya su taɓa faiba, daidai yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu domin kada laimar ƙasa ta kai ga hatsi. Ya kuma huda ƙofofin iska a sama da ƙasan kowace ma'ajiya, ya buɗe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya gangara zuwa gindin jirgi inda famfo yake kwashe shi, waɗanda tsohon fenti da datti suka toshe tun shekaru. Bayan hunturu guda, bargunan da muka bari a ramin dama sun fito da sanyi amma babu wari babu fumfuna, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya rabin kuɗin aikin a wurina.

Ya kuma sake rarraba nauyi, lamarin da masu sayen jirgi sabon shiga ba su cika lura da shi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, batir ɗaya na jirgi kuma yana kai kilo 25 ko fiye, saboda haka jarkoki biyu da batura biyu a gefe guda sun isa su karkatar da jirgi mai tsawon mita bakwai har a gani da ido. Namu ya daɗe yana jingina hagu kaɗan, ruwan sama yana taruwa a kusurwa ɗaya ta wurin tuƙi. Ya mayar da gwangwanayen abinci da akwatin kayan aiki ƙasa kusa da tsakiyar jirgi, ya bar kantocin sama ga abubuwa marasa nauyi, ya kuma yi wa dunƙulen ƙarfen da ake jefawa cikin laka a maimakon anga, wanda kusan kowane jirgin Broads ke ɗauke da shi, mazauni na musamman a goshin jirgi domin ya daina birgima. Jirgin ya miƙe, kuma tuƙinsa ya ɗan yi sauƙi.

Abubuwa biyu ya ƙi yi duk da na roƙa, kuma a ganina nan ne ake gane bambancin kafintan jirgi da kafintan gida. Na farko, akwai akwatin tukunyar gas a bayan jirgin wanda ke da sarari a gefe, na so a saka kanta a ciki domin igiyoyi da sifana da turakun ɗaure jirgi. Ya ce sam, domin iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta yoyo ƙasa take gangarawa, a jirgi kuma ƙasa na nufin gindin jirgi inda babu mafita, inda ƙyastu ɗaya daga batir ko inji ya isa ya tashi gobara. Shi ya sa ƙa'idojin Boat Safety Scheme, wato binciken lafiyar jirgi da hukumar Broads Authority da wasu hukumomin koguna ke buƙata duk bayan shekara huɗu, suka wajabta cewa akwatin gas ya kasance ba ya yoyo zuwa cikin jirgi, kuma yana da bututu a ƙasansa da ke zubar da gas waje a saman layin ruwa. Igiya na iya toshe bututun, ƙarfe kuma na iya bugun bututun gas ko ya haifar da tartsatsi. Bisa wannan dalili ne ma ya ƙi rufe na'urar kashe gobara a cikin sabon kabad, ya bar ta a fili kusa da ƙofa, ya kuma matsar da na'urar gargaɗin iska mai guba ta kabon monoksaid, wadda aka wajabta tun watan Afrilun 2019, daga inda sabuwar kanta za ta tare ta.

Na biyu shi ne akwatin rufi. Rufin ɗakin fili ne mai faɗi, kuma hankali yana ba mutum cewa nan ne mafita ga kujerun zama na waje da rigunan kariya daga nutsewa. Amma Broads, duk da kusan kilomita 200 na hanyoyin ruwa da yake da su, gadoji ne ke iyakance inda jirgi zai kai. Tsohuwar gadar Potter Heigham da ke Kogin Thurne, wadda ake danganta gininta da ƙarshen ƙarni na 14, tsayin bakarta daga saman ruwa kimanin mita biyu ne kawai a tsakiya, yana raguwa a gefe saboda zagayen bakar, yana kuma sauyawa da hawan ruwa. Gadar Wroxham ma ba ta fi ta da yawa ba. Akwatin da zai ƙara tsayin jirgi da taƙi ɗaya ya isa ya hana shi wuce gadar Potter Heigham ya shiga Hickling Broad, wanda shi ne mafi girma a cikin tafkunan yankin kuma wurin da aka fi samun natsuwa saboda manyan jirage ba sa iya kaiwa. A maimakon akwatin ya ɗinka jakunkunan tamfol masu lafewa a jikin bangon wurin tuƙi. Ba su da kyan gani, amma suna aiki.

Game da kayan aiki ba ni da ƙorafi. Ya yi amfani da filawud na jirage mai ma'aunin BS 1088, wanda gam ɗinsa ba ya sakewa a ruwa kuma babu gurbi a tsakanin falle-fallensa, na icen okume da ake samu daga Gabon, domin ba shi da nauyi. Da yake icen da kansa ba ya jure ruɓewa, ya shafe duk bakin da aka yanka da gam ɗin efoksi kafin fenti. Sukurori da hinji duk na baƙin ƙarfe mara tsatsa ne mai lamba 316, wanda ya fi mai lamba 304 jure gishiri, kuma wannan yana da muhimmanci a nan domin ruwan kogunan yana gauraye da na teku idan aka doshi garin Great Yarmouth da ke bakin teku.

Aibin aikin ma yana nan. Mariƙan da ya fara sakawa a durowa na maganaɗisu ne, waɗanda ba su da matsala a ruwa mai kwanciya, amma da muka ƙetare Breydon Water, wani faffaɗan ruwa kusa da Great Yarmouth, a ranar da iska ke karo da igiyar ruwa, durowa ɗaya ta fice da kanta ta watsar da cokula a ƙasa. Mutumin da ya san tsayin kowace gada bai kamata wannan ya wuce shi ba. Ya canza su da mariƙai masu maɓallin dannawa ba tare da ya karɓi ƙarin kuɗi ba, sai dai na jira makonni kafin ya samu sarari. Jinkiri ma dai shi ne babbar damuwata da shi tun farko, domin aikin da aka yi alkawarin gamawa kafin Ista ya kai tsakiyar watan Mayu, kuma a ƙasar da lokacin fita ruwa gajere ne wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya ba da shi a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ake fitar da jirage daga ruwa, kada ya bari sai kowa ya farka a watan Maris.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne idan aka auna shi da darajar jirgin, domin aikin hannu a Ingila yana da tsada, kuma tsohon jirgi ba ya ƙara farashi a kasuwa daidai da abin da aka kashe a cikinsa. Gaskiyar magana ita ce wani kaso mai tsoka na sauƙin da muka samu ya fito ne daga abubuwa masu araha da kowa zai iya sakawa da kansa: ragar roba a jikin bangon gado domin waya da littafi, 'yar tsarar katako a bakin kowace kanta domin kada kofuna su zame, da akwatunan roba masu murfi da aka rubuta wa suna. Jakunkunan da ake zuƙe wa iska domin matse barguna kuwa ban ga amfaninsu ba, domin a jirgi babu na'urar zuƙar da za ta sake matse su bayan an buɗe, kuma idan bargo ya shiga da ɗan danshi, a cikin ledar zai yi fumfuna.

Saboda haka shawarata ta rabu biyu bisa irin mai jirgin. Wanda ke fita yini ɗaya ya dawo, ya sayi raga da akwatuna ya huda ƙofofin iska, ya adana kuɗinsa domin inji. Wanda kuwa yake kwana a jirgin da iyali kuma yana da niyyar riƙe shi shekaru, aikin kafintan jirage ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a rubuta ranar gamawa a takarda, a bar ɓangare ɗaya a matsayin rami mai murfi, a kuma nemi mariƙai masu kullewa tun daga farko. Ni kaina zan sake kai masa jirgin a kaka mai zuwa domin ramin goshin jirgi, inda sarƙa da jiƙaƙƙun igiyoyi har yanzu suke kwana a bango ɗaya da matashin kai.